Akwatin gaggawa a ɗakin haƙori: me za a zuba ciki, nawa za a bayar?

Sabon_Likita_Rigasa

Assalamu alaikum manyanmu. Ana shirin buɗe ƙaramin asibitin haƙori a Rigasa, Kaduna, kujera ɗaya, likita ɗaya, nas ɗaya da mai yankan kati. Kayan aiki sun kusa haɗuwa, saura akwatin magungunan gaggawa. Jerin da ke cikin littattafai an tsara shi ne don ƙasashen da motar asibiti ke isowa nan da nan, kuma wasu magungunan da wuya a same su a kemis ɗinmu. Waɗanne ne ba makawa sai da su? Nawa ake ba babba, nawa ake ba yaro? Wanda ba a samu ba, da me za a maye gurbinsa? Ga kuma zafin Maris da Afrilu, ga ɗauke wuta. Allah Ya saka da alheri.

Dakta_TudunWada

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya sa albarka a wurin.

Abubuwa 8 ne ginshiƙi: adirenalin na allura mai ƙarfin miligiram 1 a kowane mil 1 (shi ne ake rubuta wa 1:1000), iskar oksijin, salbutamol na shaƙa, naitirogiliserin na ƙarƙashin harshe, asfirin miligiram 300, suga na sha, gulukagon miligiram 1 mai ɗaga suga, da midazolam mai tsayar da jijjiga. Duk abin da ka ƙara a kan waɗannan ƙari ne. Kada ka cika akwati da kwalabe 30 waɗanda ba ka haddace adadinsu ba, ranar da aka buƙace su hannu na rawa, laluben ma kaɗai zai cinye maka lokaci.

Abin da za ka fi gani shi ne suma ta tsoro. Mutum ya zo bai karya ba, ya kwana biyu bai yi barci ba saboda zogi, ya ga allura, sai gumi mai sanyi, jiri, hamma, ya sulale. Bugun jijiyarsa a hankali yake. Wannan ba ya son magani ko kaɗan. Ka kwantar da kujera har ta miƙe, ka ɗaga ƙafafunsa, ka sassauta wuyan riga, cikin minti 1 zuwa 2 zai dawo. Kuskuren da ake yi shi ne a riƙe shi a zaune ana yi masa fifita ana yayyafa ruwa. Jini bai kai ƙwaƙwalwa ba, sai ya fara fizge-fizge a ɗauka farfaɗiya ce. In mai ciki ce da ta wuce wata 5, a karkata ta ɓangaren hagu, don a rigingine mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. In minti 3 ta wuce bai farfaɗo ba, to ba suma ta tsoro ba ce, ka auna suga, ka sake duba numfashi da bugun jijiya.

Wanda ke kisa da gaggawa kuma shi ne borin jini mai tsanani, anafilaksis. A ɗakin haƙori abubuwan da suka fi jawo shi su ne amoksisilin da danginsa na fenisilin, safar hannu ta roba, kulohekzidin na kurkure baki, da magungunan zogi irin su ibufurofen da diklofenak. Allurar kashe zafi ta lidoken da ƙyar take jawo shi. Yawancin masu cewa ba ta karɓe su ba, faɗuwar gaba ce ta adirenalin ɗin da ke cikinta ko kuma suma suka yi. Alamominsa: murya ta shaƙe, leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi na fito da ƙara, ƙaiƙayi, bugun jijiya da sauri amma ba ƙarfi, kuma kwantar da shi ba ya dawo da shi. Ka lura, a fatarmu jan da littattafai ke zanawa ba ya fitowa sosai. Ka shafa da hannu ka ji tudun ƙurajen, ka duba cikin leɓe, harshe da cikin fatar ido. Wani ma babu ƙurji ko ɗaya.

Maganinsa adirenalin, a tsokar cinya, tsakiyarta ta gefen waje, ko ta kan wando ne in ya kama. Babba da wanda ya haura shekara 12: mil 0.5. Shekara 6 zuwa 12: mil 0.3. Wata 6 zuwa shekara 6: mil 0.15. In bayan minti 5 babu sauƙi a sake, a ci gaba da sakewa duk minti 5 har a isa asibiti. Saboda haka kwalba ɗaya ba ta isa, ajiye aƙalla 5. Sai da sirinji na mil 1, domin ba wanda zai auna 0.15 daidai da sirinji na mil 5, da allura mai tsawon milimita 25, mai shuɗin gindi, don ta kai tsoka. Kada a taɓa tura wannan ƙarfin kai tsaye cikin jijiya.

Inda ake yin asarar rai shi ne a fara ɗauko haidirokotizon da Piriton. Haidirokotizon sai ya yi sa'o'i kafin ya fara aiki, Piriton kuwa ƙaiƙayi kawai yake kwantarwa, ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jini. Har ma a 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin farfaɗo da marasa lafiya a Birtaniya ta cire haidirokotizon daga matakin farko na wannan ciwo. Sai kuskure na biyu: an yi allura ya ji sauƙi, a ce tashi ka taka zuwa mota. Miƙewa tsaye farat ɗaya na iya tsayar da zuciya a wannan hali. A ɗauke shi a kwance. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a kishingiɗe ƙafafu a miƙe. Kuma ko ya warware sarai sai an kai shi babban asibiti an sa masa ido, don ciwon kan dawo bayan sa'o'i.

Asma da sauƙi in an kama ta da wuri. Feshi 2 na salbutamol, in bai lafa ba a ci gaba ɗaya bayan ɗaya har 10, kowane feshi ya ja numfashi kamar sau 5 ta cikin mazubin shaƙa. In babu mazubin, gorar ruwa ta mil 500 da aka huda gindinta daidai bakin abin feshin tana aiki. Wanda ya kasa ƙarasa jimla da numfashi ɗaya, ko numfashinsa ya kai 25 a minti, na asibiti ne. Wanda ƙirjinsa ya yi tsit, ƙarar ta ɗauke amma yana wahala, ya fi kowa haɗari.

Likitar_SaBarci_Malali

Dakta ya gama magana a kan adirenalin, ba ni da ƙari. Zan taɓa iska da lissafin lidoken, don nan ne ake sakaci.

Oksijin a lokacin gaggawa lita 15 ake bayarwa a minti, ta takunkumi mai jaka, kuma a bari jakar ta cika kafin a ɗora a fuska. Yi lissafi da kanka: ƙaramar silinda mai lita 340 za ta ƙare cikin kusan minti 22, mai lita 460 kusan minti 30. Yanzu ka auna tafiya daga Rigasa zuwa Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Barau Dikko, ko asibitin sojoji na 44, da yamma lokacin tashi daga kasuwa, ka haɗa da mintunan da za ka ɓata a ɗakinka kafin a fita. Silinda biyu nake ba da shawara, babba ta zama a ɗaki, ƙarama ta shiga mota. Injin tace iska mai aiki da lantarki ba ya maye gurbin silinda: yawancinsu lita 5 suke bayarwa, kuma wuta na ɗaukewa ya tsaya. Kada maiko ko man shafawa ya taɓa bakin silinda, gobara ce. A ɗaure mabuɗinta da igiya a jikinta.

Ba kowa ake ba iska ba. Mai ciwon ƙirji da awon iskarsa ya kai 94 ko sama ba ya buƙata. Mai haki saboda tsoro, wanda yatsunsa suka ƙage bakinsa ke tsirtsir, lallashi yake so da jan numfashi a hankali. Don haka na'urar awon iska ta yatsa dole ce. Lalle mai duhu da farcen kanti kan rikita karatunta, sai a gwada wani yatsan ko na ƙafa.

Lidoken kashi 2 cikin 100 yana da miligiram 20 a kowane mil. Kwalbar sirinjin haƙori mai mil 1.8 ke nan miligiram 36. Iyakar babba, in da adirenalin a ciki, miligiram 7 ne a kowane kilo, kada ya wuce 500. Ga yara ni na fi natsuwa da 4.4 a kilo. Yaro mai kilo 20 iyakarsa miligiram 88, wato mil 4.4, bai kai kwalba biyu da rabi ba. Wanda ke zuƙo lidoken daga babbar kwalba da sirinji na mil 5 ya lura, cikon sirinji ɗaya ya riga ya wuce iyakar yaron nan. A auna yaro a sikeli, kada a ƙiyasta da ido. A ja sirinji baya kafin a tura, in jini ya biyo a canza wuri. Alamar ya yi yawa a jini: ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, surutu marar kai, tsoka na motsi da kanta, sannan jijjiga. Mai ciwon zuciya kuma kada adirenalin ɗin da ke cikin allurar ya wuce maikurogiram 40, kusan kwalba 2 ke nan.

Jijjiga: a cire komai daga baki, a janye tiren kayan aiki, a sauke kujera, a duba agogo. Ba a tura cokali, ba a danne mutum, ba a ɗura masa komai. Yawanci tana tsayawa da kanta kafin minti 3. In ta kai minti 5, ko tana dawowa bai farfaɗo a tsakani ba, midazolam tsakanin kumatu da dasashi: miligiram 10 ga babba da ɗan shekara 10 zuwa sama, 7.5 ga shekara 5 zuwa 10, 5 ga shekara 1 zuwa 5. Wanda aka haɗa musamman don baki da wuya ka same shi a nan, amma na allura yana yi: ka zuƙa, ka cire allurar, rabi a kumatun dama rabi a hagu. Sai dai ka karanta kwalba, akwai mai miligiram 1 a mil, akwai mai 5 a mil. Mai 5 kake so, don mil 10 ba za su zauna a kumatu ba. In dayazefam kaɗai gare ka, ta dubura, 0.5 a kilo ga yaro kada ya wuce 10, babba 10. Dayazefam a tsoka ɓata lokaci ne, jiki ba ya zuƙar sa da wuri. Dukansu suna rage numfashi, jakar hura iska ta kasance a kusa. Kuma duk mai jijjiga a auna masa suga.

In numfashi ya tsaya babu alamar rai: danna ƙirji 30, hura iska 2, danni 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, a kan abu mai tauri. In kujerar na lotsawa a sauke shi ƙasa.

MaiHaɗaMagani_Kakuri

Ranka ya daɗe Dakta, da izininka zan ɗan saɓa a kan gulukagon. A takarda yana da kyau, amma a Kaduna yana da matsala uku. Da wuyar samu kuma da tsada. Yana son firji, digiri 2 zuwa 8, in an fito da shi kuma kada zafi ya wuce 25, alhali ɗakin da ba na'urar sanyaya a watan Afrilu ya wuce haka nesa. Na uku, aikinsa shi ne ya sa hanta ta saki sugan da ta tara. Wanda ya wuni da azumi, ko ya kwana biyu bai ci ba saboda haƙori, ko mai ciwon hanta, rumbun babu komai, allurar ba za ta yi wani tasiri ba. In an samu kuma akwai firji mai sola, madalla, miligiram 1 a tsoka, rabi ga yaron da bai kai kilo 25 ba. In ba haka ba, a ajiye ruwan suga na ƙarin ruwa mai kashi 10, da kanula, wato bututun da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa, a tabbata akwai wanda hannunsa ya faɗa da sa ta. Mil 150 zuwa 200 ga babba. Mai kashi 50 da ya fi yawa a kasuwa yana ƙona jijiya, in ya zuba a nama ya yi gyambo, sai an sirka shi.

Amma mafi yawa ba sa kai wa nan. Awon suga ya nuna ƙasa da 4, ko ƙasa da 70 in na'urarka da ɗaya ma'aunin take karatu, mutum na gumi, rawar jiki, faɗa ba dalili, kuma yana iya haɗiya: cokalin shayi 4 na suga a ruwa, ko mil 150 zuwa 200 na lemon kwalba mai suga, ba marar suga ba. A sake awo bayan minti 15, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a ba shi burodi ko biskit. Wanda ba ya hayyacinsa ba a zuba masa ruwa a baki. Mai shan gilibenkilamaid, ƙwayar ciwon suga, sugansa kan sake faɗuwa bayan sa'o'i, kada a sallame shi gida shi kaɗai.

Ga ciwon ƙirji, naitirogiliserin na feshi ya fi, feshi 1 zuwa 2 a ƙarƙashin harshe yana zaune, a sake bayan minti 5. Ƙwayoyinsa suna mutuwa mako 8 bayan buɗe kwalba. In ba a samu ba, aisosobaid mai miligiram 5 na ƙarƙashin harshe. Ciwon ƙirjin da bai lafa ba bayan an maimaita, ko ya zo da gumi da amai, a ɗauke shi toshewar jijiyar zuciya ce: ya tauna asfirin 300, a tafi. Ba a bayar da naitirogiliserin in awon jini na sama bai kai 90 ba. Ga tambayar da ake jin kunya amma tilas: ya sha maganin ƙarfin maza? Sildenafil cikin awa 24, tadalafil cikin awa 48, haɗa su da wannan feshin na kayar da jini warwas. Wasu kofi da haɗe-haɗen da ake tallatawa a matsayin na gargajiya ma akwai sinadarin a ciki. A fitar da 'yan rakiya a tambaye shi a keɓe.

Adirenalin ba ya son haske da zafi. A bar shi cikin kwalinsa, a wuri mafi sanyi a ɗakin, ban da cikin mota. In ruwan ya koma ruwan hoda ko ƙasa-ƙasa, ko ya yi gari, a zubar ko da kwanan watansa da saura. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC. Midazolam da dayazefam kuma a rubuta shigarsu da fitarsu a littafi.

Sabon_Likita_Rigasa

Na gode ƙwarai, na rubuta duka. Saura masu sikila, masu azumi da masu hawan jini, su ne za su fi yawa a layinmu. A ina zan ja layi in ce wannan ba na ɗakina ba ne?

Dakta_TudunWada

Malam mai magani ya yi gaskiya a kan gulukagon, na karɓa, da sharaɗin a iya sa kanula a hannun wanda jijiyoyinsa suka ɓuya.

Mai sikila, ƙanena, abubuwa huɗu ke tayar masa da ciwo: ƙarancin ruwa, sanyi, ƙarancin iska, da ƙwayar cuta. Ka ba shi lokacin safe, ya ci ya sha ruwa sosai, ka rage na'urar sanyaya ɗaki, balle da hunturu, aiki ya zama gajere. Allurar kashe zafi ba laifi, zogin da ba a kashe ba ma ya fi cutar da shi. Amma kada ka sa shi barci a ƙaramin ɗaki. Ƙurjin haƙori a wurinsa ba a jira da shi, don yana saurin shiga ƙashin muƙamuƙi. Ka sani kuma ciwon ƙashi na sikila kan kama muƙamuƙi ya yi kama da ciwon haƙori, ka duba sosai kafin ka cire lafiyayyen haƙori. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, haki, ko idonsa ya ƙara fari: iska, sannan asibiti.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid kuma yana azumi, kada ka ba shi lokaci bayan la'asar, lokacin ne suga ya fi ƙasa. Aikin da zai iya jira ya jira bayan salla ko bayan shan ruwa. In awo ya nuna ƙasa da 70 sai ya karya, kuma ka faɗa masa haka tun kafin ya hau kujera don kada a tsaya gardama a lokacin.

Hawan jini: ka bar shi ya huta minti 5 ka auna sau biyu. In ya kai 180 bisa 110 a ɗage aikin da ba na gaggawa ba, a tura shi wurin likitansa. Kada ka fasa nifedifin a ƙarƙashin harshe don ka sauke shi ka ci gaba da aiki, faɗuwar farat ɗaya na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, ka rubuta lokacin da ya fara, kada ka ba da asfirin, don ba ka san ko jini ne ya fashe a kai ba.

Akwai wasu da ba ka ambata ba. Masu shan dekzametazon ko firedinisolon na tsawon makonni, har da masu shan su don ƙiba ba da sanin likita ba, jikinsu ya daina sarrafa nasa sinadarin, suna iya faɗuwa da jini ƙasa bayan wahala. A nan ne haidirokotizon miligiram 100 a tsoka ke da gurbi a akwatinka. Mai shan wafarin, maganin tsinka jini, sai da awon daskarewar jini na INR na cikin kwana 3, ƙasa da 4, sannan a cire haƙori, a cusa abin tsayar da jini a ramin, a ɗinke, ya cije auduga minti 20 ba leƙawa. Mai asfirin na kullum kada a ce ya daina. Wanda kuma ya zo da kumburi a ƙarƙashin haɓa ta gefe biyu, harshe ya ɗago, baki ba ya buɗuwa, yawu na zuba, kada ka kwantar da shi, kada ka fara komai, a tafi da shi a zaune inda akwai tiyata.

Hajiya_Nas_Kawo

Ɗana, duk abin da likitoci suka faɗa ka mayar da shi takarda ɗaya, manyan baƙaƙe, a liƙe cikin murfin akwatin, adadin adirenalin a sama. Cikin akwati a raba da leda mai haske: ledar borin jini da kwalabenta, sirinjinta da allurarta a haɗe, ledar suga, ledar ƙirji, ledar jijjiga. Akwatin kada a sa masa kwaɗo, kada ya zauna a ofishin da ake kullewa.

Awon silinda da batirin na'urori duk mako, kwanan watan magunguna duk farkon wata, a sa hannu a littafi. Tsinken awon suga shi ma yana lalacewa in an bar murfin gwangwaninsa a buɗe. Duk wata 3 ku rufe ƙofa na rabin awa ku gwada: mai yankan kati ya san shi ne mai kiran 112 da mai buɗe ƙofa, nas ta ɗauko akwati da silinda, likita bai bar wurin marar lafiya ba, wani na rubuta lokacin kowace allura. Kwalaben adirenalin da suka ƙare aiki ku yi atisayen fasawa da zuƙowa da su kafin a zubar, amma a ajiye su nesa da akwatin. Ku shirya da mai mota ɗaya a layinku wanda kujerar bayansa za ta ɗauki mutum a kwance, lambarsa a bango; a-daidaita-sahu ba ya ɗaukar wanda ake so ya miƙe da silinda a gefensa.